Kofin Farko Nawa Ne

Kafin ladan ya gyara murya
ni na riga na hura gawayi.
A gindin darbejiya, bayan kasuwar riɗi,
Gadarif tana hamma, ni ina fifita.

Da buta ɗaya na baro Madani,
da kofi uku, ɗaya ma bakinsa a ɓalle,
da jikata Ihsan tana jan zanena:
"Kaka, mun kulle ƙofa kuwa?"
Na ce mun kulle.
Makullin na nan a wuyana har yau,
ƙofar ce ban sani ba.

Ƙasar garin nan baƙa ce, mai riƙo.
In damina ta sauka sai ta cafke ƙafa
kamar mai bin bashi.
Takalma biyu ta cinye mini shekarar fari.
Na uku ta ƙyale,
ta ga dai ba inda za ni.

Da can ni wuta ce.
Duk unguwa an san bakin Batula:
kafin ki faɗi ɗaya na faɗi goma.
Ranar da 'yan kame suka zo
suka loda kujeruna shida a mota,
na buɗe baki zan wanke su tas,
sai na ga yarinyar ta zuba wa leɓena ido
tana jiran abin da za ta gada.
Na rufe. Ba tsoro ba ne.
Na ja numfashi har ya taɓa cibiya,
na ƙirga kumfar da ke tasowa a buta,
ɗaya, biyu, har bakwai.
Washegari na jera duwatsu shida.
'Yan dako suka zauna a kai,
ba wanda ya ce shayin ya canja.

Ruwa ne malamina.
Bai taɓa tafasa don na daka masa tsawa ba.
Citta da lokacinta, kanumfari da nasa,
na'ana'a kuwa sai an sauke.
Shekara hamsin da biyu ina zuba komai lokaci guda,
ina mamakin ɗacin bakina.

In la'asar ta yi, ciniki ya lafa,
Ihsan takan kife faranti
ta miƙo mini guntun gawayi.
"Wannan ba'un ne, Kaka, kwalekwale da ɗigo a ƙasa."
Hannun da ke shimfiɗa kisra kamar fatar albasa
sai ga shi yana rawa a gaban ɗigo ɗaya.
Kunya ta zo, na bar ta ta zauna
kamar baƙon da ba shi da kuɗin shayi.
Da ta gaji ta tashi.
Yanzu littafin bashi a hannuna yake.
Tijjani direba, kofi sha ɗaya ne, ba tara ba.

Mu tara ne a adashe.
Tasalla mai gyaɗa, Sittana mai lalle,
da Yalwa da ba ta faɗin inda mijinta yake.
Ran Alhamis mukan kwance bakin mayafi.
Wadda kuka ya zo wa, ba a ce mata yi shiru.
A jira ta gama,
sannan a ƙirga kuɗi.

Ban ce na warke ba.
Akwai daren da ƙarar babur
ke mayar da ni kan hanyar gudu.
Sai in dafa ƙasa, in ce wa kaina:
nan Gadarif ne, yau Talata,
ga yarinya tana barci, ga sukari a gwangwani.

Abu ɗaya na sauya, ƙarami ne.
Da, sai kowa ya sha nake kurɓar guntu.
Yanzu in ruwan asuba ya tafasa
nakan ɗauko kofin nan mai ɓallen baki,
in cika shi, in zauna.
Mai sauri ya jira.
Ina sha, ina jin zafinsa yana sauka,
ban bar ko ɗigo ba.